An Ce In Gyara Aikin Surukina

Anti Umaima, don Allah ki taimaka mini, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a Hadejia, ina digiri na biyu a fannin kasuwanci ta intanet. Har yau abin bai daina ba ni mamaki ba. Ina tsakar gida, shinkafa na kan wuta, sai in buɗe laburaren makarantar a waya, in ga littattafan da ko zan shekara ɗari ba zan gama ba. Wani lokaci sai in ajiye wayar in ce ikon Allah!

Da aka raba mu rukuni-rukuni don aikin haɗin gwiwa, sai na faɗa tare da Gumsu daga Maiduguri, da Khalid mai aiki a Legas, da wani mutum da na ga sunansa ban kawo komai ba, don masu sunan suna da yawa. Ranar taronmu na farko ta bidiyo, yana buɗe kyamara sai ga mahaifin mijina. Ashe tun da ya yi ritaya ya shiga makarantar, ko 'ya'yansa bai gaya wa ba. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa da wayar a hannu ba, su Gumsu na ta kallon silin ɗakina suna tambaya ko sabis ne ya ɗauke.

Baffa kuwa, kamar yadda nake kiransa, abin al'ajabi ne. Mutumin da ya taso yana kiwo a fadamar Baturiya, ya haura sittin, amma shi ke riga kowa karanta abin da aka ba mu. Khalid na kiran sunansa gatsal, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba, shi kuwa sai dariya.

Ga damuwar. Aikinmu a kan cinikin busasshen kifi ne daga Kirikasamma zuwa Kano, kuma ƙa'idar malaminmu ita ce kowa ya duba sashen ɗan'uwansa ya fito da kurakurai. Na Baffa ne ya faɗo kaina. Rubutun ya yi kyau matuƙa, amma ya ɗora shi a kan wani tsohon rahoto, tun kafin ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa kifi ya ragu. Sabon rahoton na nan a laburare, na gani. In aka miƙa haka, dukkanmu za mu faɗi. Na kai wa mijina kuka, ya ce shi babu ruwansa, in cire shi daga ciki. Lokacin miƙawa ya matso, ni kuma bakina ya yi nauyi. Yaya zan yi?

Surukar Ɗalibi, Hadejia

AMSA

Ƙanwata, na yi dariyar silin nan, amma na tausaya miki. Kunyar suruki tarbiyya ce, kada ki bari kowa ya ce miki ƙauyanci ne. Sunansa kuma ba dole sai kin kira ba. Ki ci gaba da cewa Baffa, ba mamaki su Khalid ma su bi sahunki.

Sai dai shirun nan ba girmamawa ba ne. Gumsu da Khalid sun biya kuɗin makaranta kamar ke, ba daidai ba ne kunyar gidanku ta ci musu maki. Kuma ki yi tunani: wanne ya fi ciwo, surukarsa ta nuna masa a keɓe, ko malami ya nuna masa a gaban aji?

Ki bar maigidanki ya huta, gaskiya ya faɗa. Kafin taro na gaba, ki tura wa Baffa sabon rahoton shi kaɗai, da gaisuwa irin wadda kika saba. Ki faɗi abin da ya burge ki a rubutunsa, tunda da gaske ya burge ki, sannan ki ce kin ci karo da wannan, kina son ya duba shafi kaza. Sauran aikin shi zai yi da kansa. Bayan nan ki rubuta gyaranki yadda malami ya ce, ba tare da rage komai ba.

Dattijon da ya ɓoye wa 'ya'yansa ya koma aji, ba don a durƙusa masa ya je ba, wannan yana samu a gida kullum. Ya je ne a gyara masa. Kada ki hana shi abin da ya je nema.

Allah ya ba ku sa'a, ke da Baffa.