Sunan da Hamsatu Ba Ta Faɗa

Bagudo, 4 ga Nuwamba, 1961

Yaya Khadijatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Inna tana gaishe ki.

Mai riƙe da wannan wasiƙa Hamsatu ce, Bafillatana mai tallar nono daga Bahindi. Wata uku ke nan ba ta barci. Likitan da ke zagayowa ya ba ni takardar tambayoyi in cika mata. Da na ce ta faɗi sunan ɗanta na fari, sai ta sunkuyar da kai. Na rubuta "ba ta amsa ba". Likita ya duba ya ce mantuwa ce, a kai ta wurinki, in abin ya yi tsanani a kwantar da ita a sashen masu taɓin hankali. Mijinta yana kuka, don wadda aka kwantar a can, kin san abin da gari ke kiranta har ta mutu.

Ƙanenki,
Lauwali, malamin asibiti

Babban Asibitin Lardi, 12 ga Nuwamba

Lauwali,

Na amsa gaisuwa. Ka gaishe da Inna, wadda shekara talatin ke nan ba ta kira sunana ba, kuma ba ka taɓa cika mata takarda ba.

Na yi shekara huɗu a jami'a ina koyon halin ɗan Adam, ga shi duk wanda ya gagari takarda ni ake turo wa. A watan nan an kawo mini kurma ɗaya, masu jin yunwa biyu, da tsohon da ya ƙi gaida likita.

Hamsatu ta lissafa mini shanunsu goma sha tara da sunayensu, har ta gyara mini lissafi. Na ce, "Wa ke kiwon su?" Ta ce, "Wancan." Na ce, "Yana ina?" Ta ce, "Malama, ke ba ki da kunya ne?" Sai hawaye.

Mijin ya gaya mini sauran. Ɗansu na fari, Yero, ya tsallaka ƙasar Dahome da garke tun bara, ba labari. Ita kuma ba ta iya tambaya, kowa kuma yana kiyaye mata kunyarta, ba mai ambatonsa a gabanta.

Na sallame ta. Ga magani: ka je kasuwar Dole Kaina ka bincika wurin dillalan shanu. Abin da ka ji, kada ka faɗa mata. Ka faɗa wa mijin, da ƙarfi, lokacin da take kusa.

Yayarka,
Khadijatu

Bagudo, 27 ga Nuwamba

Yaya,

Bayan gaisuwa, an dace. Yero yana lafiya, ya yi aure, zai dawo da damina. Na tsaya ƙofar bukka na faɗa wa mijin kamar mai shela. Tana wanke ƙwarya, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina ruwana da wancan? Kun cika ma mutane kunne."

Washegari sai da rana ta take aka tashe ta, nono har ya yi tsami. Ta aiko miki da man shanu.

Likita yana tambayar abin da zan rubuta a gurbin magani.

Lauwali

Lauwali,

Rubuta "ba ta amsa ba". Ka aiko man.

Khadijatu