Gara Ta Riga Ni Sauke Littafinka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Takarda ta fito daga Umaru baduku, na cikin birnin Sakkwato, zuwa ga wansa Malam Haliru, wanda ya yada zango a ƙasar Barno kan hanyarsa ta dawowa daga aikin hajji. Gaisuwa mai yawa, da ban girma, da tambayar lafiya, da jajen abin da ya sami idanunka. Allah ya sa kaffara ce.

Bayan haka, Yaya, na san ba kai za ka riƙe wagga takarda ba. Wani ne zai karanta maka, kuma na san duk inda ka zauna ba ka rabuwa da jama'a. Ka roƙar mini mai karatun kada ya tsallake ko kalma ɗaya don ya rufa mini asiri, kada kuma ka sallami kowa. A gaban mutane anka karanta maka ƙaryata, a gabansu nake so a karanta maka wannan.

Yau sha biyu ga Muharram. Shekara takwas ke nan tun ranar da na raka ka Ƙofar Rini, ka miƙo mini ƙunshin takardu a cikin tsohon rawaninka.

Ka san yadda munka taso. Da Baba ya rasu, ni na zauna a rumfarsa na kama basilla, kai ka ci gaba da karatu. Har yau mutanen unguwa suna yabona, wai na bar allo don wana ya zama malami. Kai ma haka ka ɗauka, shi ya sa kullum kake jin kamar ka ci mini wani haƙƙi. To bari in fara da wagga ƙaramar gaskiya kafin babbar: allon ne ba na so. Ranar da anka ce in bar makaranta, da gudu na iso gida.

Wata huɗu ka yi kafin tafiyarka kana rubuta mini littafin nan. Takarda warƙa hamsin. Larabcin salla da na sauran ibada da baƙar tawada, a ƙarƙashin kowace kalma kuma ka sa ma'anarta da Hausa da jar tawada, ƙanana-ƙanana, har idonka na ruwa. A bakin ƙofa ka ce mini, “Warƙa ɗaya kowace Juma'a, Umaru. Kafin cika-ciki ya zagayo ka san abin da kake faɗa wa Ubangijinka.” Na buga ƙirji na ce wata shida ma ya ishe ni.

Da na koma gida na warware rawanin, sai na ce ina, rubutun Yayana ba zai zauna a tsumma ba ina baduku. Da ƙafata na je wurin majema na zaɓo jar fatar akuya wadda babu ko ƙwarzane a jikinta. Na yi wa littafin marfi, na ɗinka masa gafaka, na yi mata ado da kore da baƙi, na kitsa mata maratayi mai igiya takwas. Wata uku ina wanga aiki. Duk gafakar da na taɓa yi wa malaman birnin nan babu kamarta. Da na gama, na duba na ga shekara ta riga ta yi nisa. Na ce karatu irin wannan ba a fara shi a tsakiyar shekara, a bari sabuwa ta kama. Na buga turke a bangon zaure na rataye ta.

Daga nan abin ya zame mini al'ada. Kowane Muharram sai in sayi sabon alƙalami. In anka dafa wutsiyar ragon layya ranar cika-ciki, na ci tuwo na yi nak, sai in share murya in sanar wa gida cewa bana ba warƙa ɗaya ba, uku-uku zan riƙa yi don in rama na bara. Wata shekara har na ce in na gama Larabci zan kama Fillanci, in riƙa gaisawa da malamai da harshensu. Kulu, matata, sai dai ta tashi ta kwashe kwanoni.

A shekara ta uku na sauko da littafin da gaske. Na yi alwala, na shimfiɗa buzu, na kai rabin warƙar farko. Kalma ta tara ta ƙi ni, na maimaita ta har zufa ta keto mini. Sai ga sallama, wani yana son a gyara masa linzami. Wallahi, Yaya, daɗi na ji. Na mayar da littafin na rataye, ban ƙara kwance igiyar nan ba. Abin da na iya kawai, duk Juma'a in goge fuskar gafakar da ɗan mai, tana ta ƙyalli. Baƙi su shigo su ɗaga kai su ce, “Ashe Malam Umaru ana taɓa karatu.” Ni kuwa in sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Takardarka ta farko ta iso da fatake, kana tambaya ina na kai. Na je wurin wani marubuci a bakin kasuwa na ce ya rubuta maka na kai warƙa ta goma. Shi kuma ya ƙara gishiri, ya sa Larabci nan da can. Ka amso da murna, har da tambaya kan sujadar mantuwa don ka gwada ni. Na ɗauki tambayar na kai wa limamin unguwarmu kamar ni ta dama, ya ba ni amsa, na aika maka a matsayin tawa. Daga goma na koma ashirin da biyar. Bara waccan na aiko maka cewa na sauke.

Amsar da ka bayar ita ce ta hana ni cin abinci kwana biyu. Ka ce ka sayi dabino ka raba wa abokan tafiya a Madina, ka gaya musu ƙanenka baduku ya zama mai karatu. A Madina, Yaya. Ƙaryata ta je inda ƙafata ba ta je ba. Duk da haka ban sauko da littafin ba. Na ce sabuwar shekara na zuwa.

Ana saura kwana uku watan nan ya kama, takardarka ta ƙarshe ta zo. Tun kafin a buɗe na ga ba hannunka ba ne. Ni ban iya karatu ba, amma na san rubutunka kamar yadda na san ɗinkina. Kulu ce ta karanta mini, don ban da ƙarfin zuwa kasuwa. Ka ce ciwon ido ya kama ka a hanyar Wadai, yanzu ko fitila ba ka gani. Ka ce wani attajiri a Barno ya ba ka ɗaki, almajiranka na can sun yi alkawarin karanta maka duk littafin da kake so har ƙarshen ranka, amma ka ce musu a'a, in damina ta wuce za ka bi ayari zuwa gida. Ka ce, “Allah ya karɓi idanu biyu, ya bar mini biyu a Sakkwato.”

Kulu ta ajiye takardar ta dube ni.

Na san za ka yi mamakin jin Kulu na karatu. Shekara shida ke nan, kullum in ta gama niƙa sai ta yafa zane ta shiga gidan wata tsohuwa mai koyar da mata a bayan gidanmu. Layi ɗaya take ɗaukowa, wata rana rabin layi, ta yi ta nanata shi tana tankaɗe. Ba ta taɓa sayen sabon alƙalami don shekara ta juya ba, ba ta taɓa sanar wa kowa komai ba. Ni har tsiya nake mata, ina cewa da wagga tafiyar hawainiya sai ta tsufa ba ta kai ko'ina ba. Ita ce ke rubuta maka wagga takarda yanzu, ina faɗa tana sawa, kuma ta ce ba za ta gyara mini ko ɗaya ba.

Ranar ɗaya ga wata da hantsi na ɗauko turmi na taka, na kama gafakar. Ta ƙi rabuwa da bango. Da na ja da ƙarfi sai ƙasa ta zubo mini a fuska. Gara ce. Ta biyo ta cikin bango ta shiga ta baya, inda ba na gogewa. Fuskar gafakar lafiya lau, adon nan ko zare bai tsinke ba. Bayanta kuwa babu.

Na zauna a ƙasa da ita a cinya. Kulu ta kawo faifai da tabarma ta ce, “Maigida, a tara abin da ya rage.” Munka yi ta ɗaga warƙa ɗaya-ɗaya da tsinke. Goma sha bakwai na farko sun tsira, wasu da huji-huji. Sauran sun zama ƙasa, sai ɗan jan rubutunka nan da can a kan ɓarɓashi. Hannun da ya rubuta su yana nan, idon da ya ja masa gora ne babu. Na yi kuka, Yaya, irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar Baba.

Sai a lokacin na tuna ka ce ka bar mini wata magana a warƙar ƙarshe, kada in leƙa sai na kai. Ka ga, wannan umarnin kaɗai na cika. Ban san abin da ka rubuta ba. Kulu ta ce tunda na aiko cewa na sauke ban ambaci maganar ba, wataƙila ka daɗe da gane ni, ka yi shiru ne irin naka. In haka ne, kunyar ta ninku. In kuwa ba ka gane ba, to yau ka ji daga bakina.

Kulu ta ba ni shawara in bari sai ka iso, in faɗa maka baki da baki, kada a ji mu a garin mutane. Na kwana biyu ina juya abin, don ba ƙaramin so nake in gan ka ba. Amma in na yi shiru, za ka bar ɗaki da masu karatu na gaske, ka ratso dajin nan a makance, ka zo ka tarar da mutumin da bai san abin da ke ƙarƙashin kalma ta tara ba. Na cuce ka shekara takwas da baki. Ba zan ƙara cutarka da ƙafa ba. Shi ya sa na nemi fataken da za su riga damina isa Barno.

Ga abin da ke akwai, ba ƙari. Bana ban sayi alƙalami ba. Ranar cika-ciki na ci tuwona na rufe bakina. Kullum in na dawo daga sallar asuba ina zama gaban Kulu da warƙa ɗaya a kan faifai, ta nuna da tsinke, in bi. Ni da furfura a gemu, matata na cewa “sake.” Ran farko na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, maƙwabta na jiyo ni ta katanga ina in'ina. Yanzu na daina damuwa da katanga. Kwana goma sha ɗaya ban fasa ba. Na wuce kalma ta tara, ina tsakiyar warƙa ta biyu. Shekaranjiya a sallar azahar na kai wata kalma da na yi shekara arba'in ina faɗa, sai na ga jan rubutunka a ƙarƙashinta, na san me nake cewa. Da ƙyar na ƙarasa raka'ar.

Ba zan yi maka alkawarin wata shida ba, ba zan yi na shekara ba. Bakina ya zubar da mutuncinsa a wurinka.

In ka zaɓi zama a Barno, ba ka yi laifi ba, kuma babu wanda zai ji na ce ka guje mu. Can akwai masu karanta maka manyan littattafai ba tare da tuntuɓe ba. Nan kuwa abin da za ka samu shi ne ɗakin Baba da na sa anka yi wa sabon yaɓe, da Kulu da za ta karanta maka daga bayan labule gwargwadon iyawarta, da ni. Zan riƙe maka sanda zuwa masallaci sau biyar. Zan zauna gabanka da warƙa goma sha bakwai in yi ta kame-kame, kai kana gyara mini da ka. Sauran talatin da ukun suna cikin kanka, in ka ga dama ka faɗa, wata rana ni zan rubuta. Idanun da ka ce an bar maka a Sakkwato ba su buɗe ba tukuna, Yaya, amma naka ne.

Ka yafe mini dabinon Madina. Ka gaya wa waɗanda sunka ci cewa baduku ya yi ƙarya, su roƙa masa gafara.

Allah ya ba ka haƙurin abin da ya karɓa, ya musanya maka da hasken da ba ya dushewa. Allah ya jiƙan Baba da Inna. Allah ya zaɓa maka mafi alheri tsakanin zama da tahowa, ko da ba shi ne abin da raina ke so ba. In da rabon mu gana, Allah ya sa kada in sake jin kunyar tambayarka. Amin.

Kulu ta miƙo mini alƙalami, ta ce sunan dai ni zan sa da hannuna. Shi ne karkataccen abin nan da ke ƙasa, na ɓata gefen takarda sau biyu kafin ya tsaya. Ka sa mai karatu ya kama yatsanka ya ɗora a kai. In ya ce bai karantu ba, kai ka san ko wane ne.

Ƙanenka,
Umaru