Malam, Darasinka Ne Ya Kai Ni Babban Duhu

Zuwa ga Malamina, Babban Mai Duba Makarantu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata kana lafiya, da iyali, da ɗawainiyar aiki. Yaya ƙafar nan da take tashi in damina ta kama? Allah ya sawwaƙe. Ni ne Sule na Karare, wanda ka koyar a makarantar horon malamai, wanda kake cewa tambayarsa ta fi karatunsa yawa. Na rubuta ofis ban ji amsa ba, na kuma san takarda takan daɗe a hannun akawu kafin ta iso gabanka. Shi ya sa na biyo ta jarida. Ka yi mini afuwa.

Na farko, ina so in tuna maka wani abu. Da ka dawo daga karatu a Ingila, ka tarar da mu a ajin tarihi mun haddace sunayen sarakuna da gwamnoni da yaƙe-yaƙe, muna ta alfahari. Ka ce mana rabin tarihi ke nan, sauran rabin shi ne sanin abin da ke riƙe jama'a tare da abin da ke raba su. Ka ce masana ilimin zaman jama'a sun kasu gida uku manya. Wasu suna kallon al'umma kamar jikin mutum, kowace gaɓa da aikinta, maƙeri da manomi da liman kowa na buƙatar kowa. Wasu sun ce a'a, a duba wa ke da gona, wa ke noma ta, wa ke cin amfanin, domin daga wannan ja-in-ja ne canji yake fitowa. Na ukun sun ce a sauko ƙasa a saurari mutane, a ga ma'anar da suke ba gaisuwa da kyauta da shiru. Ka hana mu zaɓen gida ɗaya mu kwana a ciki. Ranar na koma ɗaki ina kallon garinmu a zuci kamar ban taɓa ganinsa ba.

Na biyu, ga abin da na yi. Bara da rani, ina koyar da ajin manyan yara a Batsari, aka yi faɗa a bakin wata rijiya wajen Ruma tsakanin manoma da makiyaya, har aka fasa wa wani dattijo kai. A ajina akwai 'ya'yan waɗannan, akwai 'ya'yan waɗancan. Da safe na shigo na tarar sun raba benci, ba mai kallon wani. Na rufe littafin, na ce yau rijiyar nan ce tarihinmu.

Muka fara da gidan farko. Yaran da kansu suka lissafa: shanu suna kwana a gona bayan girbi su bar taki, manomi ya ba da kara da harawa, nono ya shiga gari, hatsi ya tafi ruga. Sai muka shiga gida na biyu. Wa ya haƙa rijiyar? Me ya sa burtali yake ƙara tsukewa tun da gyaɗa ta yi daraja? Wa ke biyan jangali, wa ke biyan haraji, kuma wa ke yanke hukunci in an yi ɓarna? Washegari, da muka zo gida na uku, wani yaron ruga ya ce ba ruwan ne ya fusata babansa ba, sallama ya yi ba a amsa masa ba. Yaron gari ya ce wallahi kawunsa aka yi wa sallamar, kuma kurma ne, kowa a unguwarsu ya sani. Nan take dariya ta ƙwace wa wasu. Ban ce na sasanta iyayensu ba, wannan aikin manya ne. Amma kafin mako ya fita sun koma cin ƙosai tare a gindin kuka.

Na uku, ga inda aka cuce ni. Mai duba makarantu na yankinmu ya shigo ne daidai muna gida na biyu. Ya ji jangali, ya ji gyaɗa, ya ji wa ke cin amfanin wa. Bai zauna ba, bai tambaye ni ba, bai dawo washegari ba. Ya rubuta cewa ina cusa wa yara siyasar jam'iyya. Malam, ba ni da katin kowace jam'iyya, ban taɓa tsayawa wurin lacca ba. Aka ɗauke ni daga Batsari aka kawo ni Babban Duhu. Da na duba ƙasan takardar canjin wurin sai na ga hannunka. Na san shi, shi ne ya riƙa gyara mini rubutu da jan alƙalami. Na tabbata a cikin tarin takardu aka kawo maka ita, ba ka san Sulenka ne ba. Amma ta yi mini zafi.

Na huɗu, ba ni da ƙorafi a kan mutanen Babban Duhu. Sun karɓe ni hannu biyu, ba na rasa nono da safe. Damuwata mahaifiyata ce a Karare. Idonta ya tafi, ni kaɗai ne namiji da ya rage mata. Daga Batsari nakan hau keke in je in auna mata hatsi, in ɗebo ruwa, in kwana. Yanzu in ruwa ya sauka rafi yakan tsare ni, sai dai in aika da saƙo.

Ga roƙona. A kira ni a ji ta bakina, a kira ko mutum ɗaya daga iyayen yaran nan a tambaye shi. In an ga ba ni da laifi, a mayar da ni kusa da tsohuwa. Sannan, ranka ya daɗe, ka sa a rubuta darasin nan cikin tsarin karatun masu koyon tarihi, da Hausa mai sauƙi, dukan gidajen uku, domin kada gobe wani ya ji ɗaya daga bakin ƙofa ya ɗauka tawaye ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama aiki da mutunci, ya saka maka da alheri a kan abin da ka zuba mana. Ko ka amsa ko ba ka amsa ba, kai malamina ne har in mutu.

Abu ɗaya ya rage. Yaran nan na Babban Duhu sun fara tambayata dalilin da ya sa kakanninsu suka bar tsohon gari suka sauko nan. Na ga hanyar amsar sarai, ta gidajen nan uku ce, amma na ce su dakata. Ina jiran taka kafin in ba su tawa.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Sule na Karare