Jibdar Maigida

Suwaiba,

Sallama daga Maiduguri. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai wari.

Maigidana mai haɗa humra ya ajiye ɗanyar jibda mai tsada. Ni mijinki, sarkin iya yi, na shafe rigata da ita. Ashe sai an sirka ta da man sandal take ƙamshi. A masallaci sahu guda aka bar mini!

In ina dakan kajiji, ɗakinki na Zurmi nake tunawa, in hawaye ya zo sai in ce garin kajijin ne ya shiga idona.

Maigida ya ce da aiki zan biya jibdarsa. Ku girbe gero bana ban da ni. Inna kuwa, ki ce mata ƙwarewa ta sa aka riƙe ni.

Naki,
Labbo