Layin da Na Soke

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Farfesa, mai duba aikin bincikena, ya kira daga Yamai. Ƙarshen Yuni zai ajiye aiki, kuma ba shi da wanda zai bar wa ni. In tez ɗina, kundin digirin dakta, bai shiga kafin nan ba, shi ke nan. Sharaɗinsa ɗaya: Abdulƙadir ya karanta babi na uku ya ce ya yarda.

Abdulƙadir fa. Ɗan Cadawa da ya iske ni a fak, muna ɗaliban jami'a, bai san mene ne rukuni a lissafi ba, na yanka masa kwali mai kusurwa uku ina juyawa ina kifewa har ya gane. Yau shi ke koyarwa a jami'a, ni kuma ina koyarwa a lise, wato sakandare, a Agye ina faɗa da 'yan lakol a kan alamar cirewa. Yanzu amincewarsa nake jira.

Alhamis, 16 ga Mayu

Zafi. Hamdiya ta iske ni da takardu a gindin dalbejiya, ta ce tun da aka ɗaura mana aure take jin "zobe, zobe", har yau ba ta gani a yatsarta ba. Na yi mata bayani kamar wawa: a ɗauki 'yan rukuni, a ninka kowane da cikakkiyar lamba, a tara, shi ne zoben ZG. Aikina kuwa neman inite, wato waɗanda ke da abokin da in an ninka su ake samun ɗaya. Babi na uku ya ce a irin rukunonin da na zaɓa babu wasu inite bayan waɗanda na lissafa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, in matsa ta share wurin.

Asabar, 25 ga Mayu

Saƙon Abdulƙadir ya zo. Gaisuwa ta cika fuskar waya, sannan: "Yaya, ni ne ban gane ba. Ko za ka gwada mini shi a kan ƙaramin rukunin nan mai 'ya'ya shida?"

Tambayar da ya yi mini bara waccan ke nan, ya sake ta bara. Dakta guda yana so a koma da shi kan kwali. Na rubuta masa cewa hujja ba ta buƙatar misali, ya karanta da kyau.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka, rabin aji sun tafi gona. Shiru daga Abdulƙadir. Hassada ce, me zai hana in rubuta ta da sunanta.

Talata, 18 ga Yuni

Ya zo gida Sallah, na hau babur na bi shi Cadawa. Ya tashi ya ba ni kujera ya zauna a tabarma, aka kawo soyayyen nama, ya tambayi Hamdiya da yara ɗaya ɗaya. Da na ga zai shiga zancen damina sai na ɗora masa babin a gwiwa, na ce ba gaisuwar Sallah ta kawo ni ba.

Ya ɗauke shi daga gwiwarsa. Sannan ya buɗe tsakiyar babin, bai ko nemi shafin ba, ya aza yatsa a wani layi. A nan na sami abu biyu da ninkinsu ya ba da sifiri, na ga na farkon ba sifiri ba ne, na soke shi na ce na biyun ne sifiri. Haka nake koya wa yara kullum, kuma a cikin lambobi gaskiya ne. A cikin ZG ƙarya ne. In g kifewar kwali ce, wadda in an yi ta sau biyu ake komawa inda aka fara, to (1 − g) sau (1 + g) sifiri ne, alhali babu sifiri a cikinsu. Na san wannan tun kafin ya yi gemu. Amma na ba abubuwan wasu haruffa, suka ɓoye mini, hannun malamin lise ya yi abin da ya saba.

Na tambaye shi yaushe ya gani. Ya ce ran da na fara tura masa.

"Bara waccan ke nan. Ka zauna da shi shekara biyu?"

"Yaya, kai ka koya min aikin ga. Da wane baki zan hwaɗa maka ka yi kure? Shi ya sa na riƙa tambaya, na ce kana gwadawa za ka gani da kanka, babu wanda ya ji."

Kara ya yi mini. Kara. Da ya zage ni a tsakiyar tasha tun lokacin, da na sami shekara biyu na gyara.

Ban ci naman ba. Ya rako ni har bakin kwalta yana riƙe da hular kwanona.

Laraba, 19 ga Yuni

Na gwada a kan mai 'ya'ya shida. Kafin shayi ya huce, babin ya rushe.

Jumma'a, 28 ga Yuni

Na nemi hanyar kewaye layin, babu. Sifirin nan na (1 − g) sau (1 + g) shi ne ma yake haifar da inite ɗin da na rantse ba su nan: ɗauki h, wata juyawa, 1 + (1 − g)h(1 + g) yana da abokinsa, alamar farko kawai za a sauya zuwa cirewa. Babi na huɗu a kan na uku yake tsaye, ya bi shi.

Na kira Farfesa. Ya ce shi ma ya ji wurin bai kwanta masa ba, amma ya ga na sha wahala a daji, bai so ya karya mini gwiwa. Har shi. Kowa ya tausaya mini har aka binne ni da ladabi.

Na ce ya cire sunana daga cikin masu miƙa tez. Hamdiya ba ta yi tsokana ba yau, hakan ya fi ciwo.

Alhamis, 11 ga Yuli

Farfesa ya tafi. Babu tez, kuma ba na jin za a yi. Provizer, shugaban makarantarmu, ya ce baɗi ma azuzuwan nan ne nawa, na ce to.

Ba don komai ba, hannu ne ya ƙi zama, shekaranjiya na rubuta rabin shafi a kan waɗannan inite ɗin, ko nawa ne daga cikinsu ke isa su haifi sauran. Na tura wa Abdulƙadir. Na ce in ya sake yi mini tambayar da ya san amsarta, kada ya zo jana'izata.

Amsa ta zo bayan la'asar. Ko sallama babu. "Layi na huɗu ba daidai ba ne."

Ɗan rainin wayo. Na zagaya tsakar gida ina huci, na dawo na duba. Ba daidai ba ne.

Ban ce na yafe ba. Na gyara, na tura masa shafi na biyu.