Kunyar Baffa

Ƙanwata Hassi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Batsari sai godiya.

Mun kai Baffa asibiti a Ikko, an ɗora shi kan injin wankin ƙoda. Likita ya ce mun makara, jini ya hau, zuciya ta gaji, kuma irinsu ba su cika daɗewa ba. Ashe tun damina fitsari ke gagararsa, bai gaya wa kowa ba. Kin san Bafillace da ɗan fari. Ko sunana bai taɓa kira ba, balle ya faɗa min wannan.

Ki taya mu addu'a, ki gaida Inna Dije. In za ki zo, kada ki jira Sallah.

Yayanki,
Buba