Gyaran da Na Yi a Kasuwar 'Yan Toka

Daga cikin kumbon Gamzaki,
a lissafin gida, bazarar 1987.

Zuwa ga Asama'u 'yar Malam Giɗaɗo ta bakin ruwan Wara, sanyin idona, ruwan randata, iskar da ke tasowa daga tafki ta kwantar wa masunci da rai! Assalamu alaiki. Ina gaishe ki, sai dai labarin da na ɗauko miki ba mai daɗi ba ne, kuma ba zan ɓoye miki ko ƙwayarsa ba.

Kin tuna ranar kasuwar Wara da kika tsaya gaban buhunan albasata? Na auna miki kwano guda, na share bakinsa tas, kika tsaya kina kallona kina riƙe da ƙugu. Kika shaida wa duk matan layin cewa yau kin ga ɗan Yauri mai hannun jarirai, wanda ke sayarwa ba gyara. Kunya ta rufe ni, na cika tafina biyu na zuba miki a kwando. Kika yi dariya, wushiryarki ta bayyana, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Tun daga ranar hannuna bai sake rufe ciniki ba sai da gyara. Ke kika koya masa, masoyiyata, kuma ya koya fiye da kima.

Kin san dalilin da ya sa aka ɗauke ni. Da takarda ta zo daga Sakkwato ana neman fataken da za su shiga kumbo su buɗe kasuwa da halittun wasu duniyoyi, cewa aka yi ana son waɗanda suka iya ciniki ba da baki ba. Ni da na girma ina saye da sayarwa da Kambari da Gungawa da yatsu kawai, tun kafin in ji yarensu, wa zai riga ni? Na bugi ƙirji a gabanki na ce kafin ruwa ya janye sau biyu na dawo an ɗaura mana aure. Kaicon bakina!

Mun sauka a wata duniya mai rana biyu, dukansu jajaye, ƙasar da babu kogi, babu tsuntsu, babu kiran salla. Alƙibla ma sai dai mutum ya fuskanci inda zuciyarsa ta ba shi. Mutanenta dogaye ne, launin toka, ba sa magana, shi ya sa muke ce musu 'Yan Toka. Muka baje albasa da gishiri da bandar kifi, suka baje wasu duwatsu masu haske da ba sa mutuwa. Ciniki ya faɗa lafiya lau. Na auna wa dattijonsu, ya miƙo nasa, aka rabu daidai wa daida. Sai hannun nan nawa ya zarce cikin buhu, ya cika tafi, ya ƙara masa.

Wallahi, Asama'u, ban ma san na yi ba. Kasuwar gaba ɗaya ta tsaya cik. Dattijon ya daɗe yana duban albasar nan, sannan ya kama wuyan hannuna ya ɗaura mini wani zare mai sanyi. Ni har murmushi na yi, na ɗauka godiya ce.

Kwana uku tafintanmu ya yi kafin ya gane ma'anar zaren. A wurinsu ba a ba mutum abu kyauta, sai in kanka kake miƙa masa. Wanda ya ƙara a kan awo ya zama ɗan gidan wanda ya karɓa har mutuwa, kuma ba a mayarwa, ba a fansa. In na sa ƙafa na gudu, sun ɗauka an sace musu ɗa, kuma Gamzaki ba zai tashi ba, da mutum arba'in a cikinsa, kowa da mai jiransa a gida. Shugaban kumbonmu ya roƙa, ya ba da rabin kaya, suka ƙi ko dubawa. Bai tilasta mini ba, hawaye kawai ya yi. Ni na ce su tafi.

Wayyo ni! Tun ina yaro na ga ruwan madatsar da aka gina ya haɗiye ƙauyenmu, na ɗauka an gama raba ni da gida. Ashe da saura. Wa zai sake nuna mini kwale-kwale na shigowa da hantsi? Wa zai sake yi mini tsiya a gaban mutane in ji daɗi? Ina tsoro, abar ƙaunata, ina jin tsoron tsufa a inda ba wanda zai kira sunana.

Gobe kumbo zai tashi, kuma ba a sa ranar dawowarsa ba. Abokina Illo zai kawo miki wannan takarda da dutse guda mai haske. Ki kai wa Innata dutsen, idonta ya yi rauni, kuma ki zauna kusa da ita lokacin da za a faɗa mata. Sannan ga roƙon da ya fi yanka ni: kada ki jira ni. Na sauke miki alkawari, ki shaida wa Malam haka. Kada ki ɓata ƙuruciyarki a bakin ruwa kina duban sama.

Amma ni ban sauke nawa ba. Na zauna na yi tunanin dokar mutanen nan, na ga gaskiya gare su, wanda ya ƙara a kan awo kansa ya bayar. Abin da ba su sani ba, sun makara. Na riga na cika tafina biyu a kasuwar Wara, a gaban shaidu, kuma kin karɓa. Zaren nan fata kawai ya ɗaure.

Naki tun daga kwanon farko, har ranar da za a tashe mu wuri ɗaya,
Cindo mai albasa.